Moton Baba a Ƙofar Gidan Sarkawa

'Ya'yana, akwai wani zance da kuka taso kuna ji a tsakar gida, har kun fara faɗa wa naku 'ya'yan, wai da gangan nake kashe moto a ƙofar gidan kakanku na Tunuga don in ga mahaifiyarku. Ita ce ta ƙago zancen, ita ce kuma take ƙara masa gishiri duk lokacin da aka taru. Na daɗe ina dariya ina yin shiru. Amma tun da na ji ɗan Zali yana ba abokansa labarin, har yana kwaikwayon yadda wai nake leƙen katanga, na ce gara in zauna in faɗi yadda abin ya kasance tun ina da sauran tunani.

Moton, wato babur ɗin, na mahaifina ne. Ya saye shi hannun wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da aka canza wa wurin aiki, kuma ko a lokacin ba sabo ba ne. Baƙi ne, mai dogon tanki, mai nauyi kamar ɗan maraƙi, idan ya tashi duk unguwa ta san Baba zai fita. Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, wana, Yaya Mamman, ya ɗauki kayan butiki, wato kanti, ya koma Yamai da su, ni kuwa aka bar ni a Gaya da moto da Inna. Da shi nake neman abinci. In ɗaura gishiri da sukari da sabulu in kai garuruwan bakin gulbi, in komo da bandar kifi in sayar a kasuwar Gaya. Ba wata babbar sana'a ba ce, amma tukunyar Inna ba ta taɓa kwana a bushe ba.

Ku da kuka saba da motocin yanzu, sai na bayyana muku wani abu. A ƙarƙashin tankin, ta hannun hagu, akwai ɗan robine mai ƙaramin mariƙi, shi ke sakin isansi, wato fetur, ya gangara cikin inji. In ka juya mariƙin ƙasa, ka buɗe. In ka kwantar da shi, ka rufe. In ka ɗaga shi sama, ka shiga rezab, wato man ajiya. A cikin tankin robinen yana da ɗan dogon bututu a tsaye, ta nan mai ke bi in an buɗe. Idan mai ya yi ƙasa da bakin bututun sai moto ya fara tari, sai ka ɗaga mariƙi, ragowar da ke gindin tanki ta bi ta wata ƙaramar kafa, ta kai ka inda za ka samu mai. Baba mutum ne mai tsari, bai taɓa barin tankinsa ya sauka ba, ni ma haka na gada. Saboda haka shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ɗaga mariƙin nan sama, kuma ba wanda ya san abin da ke kwance a gindin tankin.

A shekarar da nake ba ku labari, Yaya Mamman ya zo Babbar Salla. Butikinsa ya bunƙasa, yana neman na jiki da zai riƙe masa. Bayan an ci nama ya zaunar da ni gaban Inna.

"Garba, yawon kifin nan ya isa. Da an cire amfanin gona ka sayar da tsohon ƙarfen nan, ka ɗauko Inna ku taho Yamai. Ɗaki yana nan, aiki yana nan."

Na ce to. Me zan ce? Shi ne babba, kuma alheri yake nufi. Inna dai ta ci gaba da juya naman da take soyawa. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "na Yamai", balle ta musa masa a gaban mutane.

Tun daga ranar na daina cika tanki. Na ce a raina, abin da zan bar wa wani, me zai sa in riƙa ɗura masa mai har wuya? Sai in tsaya wurin masu isansin Kamba a bakin gari, in zuba kwalba guda, in na isa Tunuga in ƙara na dawowa. Ku riƙe wannan da kyau, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Mai iri ɗaya, kaya iri ɗaya, hanya ɗaya, dole wurin da man zai sauka ƙasa da bututu ya zama wuri ɗaya. Wurin kuwa shi ne shigar Tunuga, daidai inda giginyu suka ƙare gidajen Sarkawa suka fara.

Ranar farko an kwana ana ruwa, hanya duk taɓo. Ina shiga gari moto ya yi tari. Na miƙa hannu na ɗaga mariƙi ina jin daɗin cewa na san abin yi. Ya ɗan farfaɗo, ya yi gaba kaɗan, ya yi wata irin shaƙuwa, ya mutu. Na harba, na harba, har gumi ya jiƙa mini riga. Na kwance buji, wato fulogi, na duba, wuta tana nan lafiya lau. Duk wannan abin wani dattijo yana zaune gindin mangwaro yana ɗinkin taru, yana kallona. Shi ne Baba Hamani, kakanku. Hausarsa ta kasuwa ce, Dendanci yana leƙowa ta cikinta.

"Fofo, ɗan Gaya. Bar harbinsa haka nan, za ka karya ƙafa. Turo shi inuwa."

Yana da ɗan injin da yake ɗaura wa jirginsa, don haka ya saba da halin mai. Ya ce in zare tiyon da ya fito daga robine mu ga abin da ke zuba, ya ɗaga murya ya ce a kawo kwano. Wata mata ta fito da goyo a baya, idanunta sun yi ja don hayaƙin banda. Zali, ke ce goyon, kina barci da ɗan yatsa a baki. Daga baya na ji cewa mijinta ya rasu tun kina ciki, ta dawo gidan ubanta tana banda masa kifi. Ta tara kwano, na juya mariƙi ƙasa, ko ɗigo. Na ɗaga sama, sai ga wani abu ja-ja yana ɗiga. Ni da Baba Hamani muna ta gardamar ko karbirato ne ya toshe, ita kuwa ta karkata kwanon wajen haske tana dubawa.

"Baba, wannan ai rabinsa ruwa ne. Dubi yadda ya kwanta a ƙasa, man yana yawo a kansa."

Haka ne kuwa. Robar murfin tankin ta cinye, ruwan damina yana ta shiga kaɗan-kaɗan yana sauka gindi, ya haɗu da tsatsar shekaru. Muddin ta dogon bututu nake sha, lafiya. Ina shiga rezab sai na shayar da inji ruwan tsatsa. Muka juye tankin, muka zubar da na cikin karbirato, ta tace ɗan man da ya rage da tsohon ƙyalle, Baba Hamani ya ƙara mini daga jarkar jirginsa. Bai bar ni na tafi ba sai da na ci tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa. A gidan na sayi kifina ranar, kuma ban taɓa kai kifin da ya ƙare da wuri a kasuwar Gaya kamarsa ba.

Da na koma gida na ce wannan kunya ba za ta sake kama ni ba. Na sauke tanki, na zuba tsakuwa da ɗan mai na yi ta girgizawa har tsatsar ta fita. Na kwance robine gaba ɗaya a kan tabarmar Inna. Akwai wata 'yar raga da ke tace mai, ta cushe kamar an shafe ta da laka, na goge ta da tsinken tsintsiya. Akwai kuma wata 'yar roba mai ƙofofi a bayan mariƙi, ita ke haɗa hanyar mai da inda ka juya. Na ga ta kumbura ta yi laushi, amma ba ni da wata, sai na mayar da ita na ɗaure tam. Inna tana kallo tana cewa in dai na ɓata mata tabarma da warin isansi, ni zan saƙa wata.

Kasuwa ta zagayo, na zuba kwalbata, na kama hanya. Giginyu suna ƙarewa moto ya yi tari. Na ɗaga mariƙi da ƙarfin zuciya. Shiru. Wannan karon ko farfaɗowa bai yi ba, ya gangara da ni a hankali ya tsaya, in na yi ƙarya kaɗan, a inda tayarsa ta tsaya wancan makon. Baba Hamani ya yi dariya har taru ya faɗi daga cinyarsa. Muka sake kwancewa, sai muka tarar ɗaurin da na yi ya matse tsohuwar robar ta baje ta rufe ƙofar rezab ruf. Ya shiga gida ya fito da wani tsohon kuben wuƙa, ya yanko fata mai kauri, ya zauna yana fiƙe ta daidai da robar, yana huda ƙofofin da ƙusa mai zafi. Aikin ya ci mana yini. Mahaifiyarku ta kawo mana ruwa, ta ajiye, har ta juya sai ta tsaya.

"Moton nan naka ya san gidanmu."

Maganar farko ke nan da ta taɓa yi mini kai tsaye. Na ce ai tsufa ne ke damunsa. Ta ce to Allah ya ba shi lafiya, ta shige.

Saura guda, kuma ita ce ta fi ba ni wuya. Don in hana ruwan sama shiga, na yanko robar tsohuwar taya na shimfiɗa a cikin murfin tanki, ya rufu gam ko iska ba ta wucewa. Na kuma cika tanki, don Inna ta ce ta gaji da jin labarin kwalba guda. To ranar tun ban yi nisa da Gaya ba moto ya fara mutuwa. In tsaya in huta, in harba ya tashi, in ɗan taɓa tafiya ya sake mutuwa. Buɗe ko rezab duk ɗaya. Haka na yi ta fama, rabi a kai rabi a ture, rana ta take, na iso Tunuga ina jan ƙafa. Inda na san akwai inuwa da mai taimako nan na nufa, wannan kam ban musa ba. Muka zare tiyo, aka tara kwano, mai ya zubo kaɗan ya tsaya, alhali tanki a cike. Muka hura robine, muka duba raga, muka duba fatar da ya yanka, komai daidai. Baba Hamani ya ce bari ya leƙa ya ga ko da gaske akwai man. Yana murɗa murfin muka ji tankin ya ja numfashi, fuuu, sai ga mai yana tsiyaya cikin kwano har yana fallatsa wa mahaifiyarku a zane. Ashe a murfin akwai wata 'yar ƙofa kamar ta allura, ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita. Ni da hannuna na toshe ta. Baba Hamani ya dube ni ya ce:

"Ka toshe masa hanci, kana so ya yi gudu?"

Aka rage robar ta tsaya iya gefe, mahaifiyarku ta zaro allura daga ɗankwalinta aka buɗe ƙofar. Daga ranar moton bai ƙara mutuwa a hanyar Tunuga ba. Wannan shi ne gaskiyar magana. Abin da ya biyo baya kuwa ba laifin moto ba ne. Na ci gaba da tsayawa a ƙofar gidan, amma ni nake taka birki, in kwantar da mariƙin robine da hannuna, in yi sallama kamar kowane baƙo. Mu yi hira da Baba Hamani a kan ruwa da kifi, ita kuma ta fito da kwandon banda mu yi ciniki, cinikin da kullum yake ƙara tsawo.

Inna ba ta taɓa zuwa Tunuga ba a lokacin, amma ba abin da ya ɓace mata. Wata safiya tana ɓare kifin da na kawo za ta sa a miya, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Auta, kifin nan tun tsakiyar damina hannu ɗaya ke banda shi. Mai hannun tana da miji?"

Na ce ya rasu, tana da 'yar goyo. Na ɗauka zancen ya wuce. Can ta ce ita dai ba ta ce kada in tafi Yamai ba, namiji da neman arzikinsa. Amma ita a gidan nan aka kawo ta amarya, a nan ta binne cibiyarmu, maƙwabtanta sun san tarinta ta san nasu, kuma in ta tafi ba ta san wanda zai riƙa ba mangwaron Baba ruwa ba. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba. Na gane cewa tun ranar Salla take ɗauke da abin a ciki.

Da aka cire gero Yaya Mamman ya iso, har ya yi magana da mai kamiyon da zai kwashi kayan Inna, ya kuma samo wanda zai sayi moto. Da hantsi ne, muna tsakar gida. Na durƙusa na ce masa ina neman afuwa, ba zan iya tafiya ba, kuma ina so ya shige mini gaba wajen neman aure a Tunuga. 

"Bazawarar Sarkawa, da goyo? Saboda ita za ka bar butiki? Na faɗa wa mutane ƙanena na zuwa, na hana wasu wurin. Ka mai da ni ƙaramin mutum, Garba."

Na ce ba don ita kaɗai ba ne. Na ce na san hanyoyin nan, mutanen bakin gulbi sun san ni, kuma ban iya zaman bayan kanta ba. Ban ambaci Inna ba, don kada ya ga kamar ita ta zuga ni. Amma ya juya wajenta ya ce ta yi mini magana. Inna ta gyara lulluɓinta, ta dubi ƙasa.

"Ka yi haƙuri. Ni ma ƙafata ba ta son hanya."

Yaya Mamman ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya ɗauko jakarsa, furar da Inna ta dama masa tana nan a rufe ya fita. Ƙanen Baba ne ya je mini neman aure.

Ba zan ɓoye muku abin da wannan ya ci mini ba. Yaya Mamman bai zo ɗaurin aure ba, bai zo sunan ko ɗayanku ba. Butikin ya damƙa wa ƙanen matarsa, wanda yanzu kuke ganin gidajensa in kun je Yamai. Mu kuwa akwai shekarun da gulbi ya yi rowa, kifi ya yi wuya, na koma ɗaukar rogo da rake a bayan moto, mahaifiyarku tana toya ƙosai a ƙofar gida. Wannan duk bai dame ni ba kamar shirun ɗan'uwana. Yakan aiko wa Inna da kaya da gaisuwa, in ya zo ganinta mu yi musabaha kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Mutumin da ya goya ni, ya koya mini hawan keke. Sau da yawa ina tafe a hanya sai in tsinci kaina ina shirya maganar da zan faɗa masa, in mun haɗu kuma ta ƙi fita. Duk da haka ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba. Inna ta yi sauran shekarunta a ɗakinta, mahaifiyarku tana yi mata kitso suna faɗa suna shiryawa, ku kuma kuna hawa bayanta. A hannunmu ta cika, a gidan da ta so.

Bayan an share makoki baƙi sun watse, Yaya Mamman bai koma ba. Ya tsufa, ciwon sukari ya rage shi, gemu ya yi fari fat. Wata safiya na fito na same shi a zaure tsaye kan moton, yana shafa tankin.

"Har yanzu yana tashi?"

Na ce yana tashi.

"Kai ni Tunuga."

Ban tambaye shi dalili ba. Na goya shi muka tafi. Baba Hamani a lokacin ya daina shiga ruwa, idanunsa sun yi hazo, yana kishingiɗe a kan tabarma a ƙofar gida. Yaya Mamman ya sauka da ƙyar, ya tuɓe takalmansa tun daga nesa, ya je ya durƙusa a ƙasa, da babbar rigarsa ta shadda da komai. Tsohon ya lalubo hannunsa ya ce wane ne.

"Wan Garba ne, Baba. Na zo gaisuwar surukai."

Baba Hamani ya riƙe hannun bai saki ba. Ya juyo da fuska wajen da yake jin numfashina, ya mayar wajensa.

"Ka makara, ɗana. Kifin biki ya ƙare tuni." Sai ya ɗaga murya wajen cikin gida. "Ku shimfiɗo tabarma mai kyau, ku ɗora tukunya. Baƙonmu na Yamai ya iso."

A nan muka yi azahar, muka yi la'asar. Yaya Mamman ya ci tuwo ya siɗe hannu, likita ya hana shi amma ya ce yau dai a ƙyale shi. Da muka tashi komawa na tayar da moto na nufi babbar hanya, sai na ji ya dafa kafaɗata ta baya.

"Garba, bi da mu ta bakin gulbi. A yankin nan aka haife ni, amma ban taɓa tsayawa na dube shi ba."

Na karya kan moto muka gangara.